Fitilar Gaban Keke: Wacce Ke Kai Mutum Gida, Wacce Ke Mutuwa a Hanya

Abin da masu shago ke fara nuna wa mai sayen fitilar keke shi ne lambar lumen, wato ma'aunin yawan haske, da ke jikin kwali: lumen 1000, lumen 3000, har da masu cewa 10,000. Wannan lamba ba ta faɗin komai game da abin da ke damun mai tafiyar dare, wato ko fitilar za ta ci gaba da ci har ya isa. Fitilun keke ba kasafai suke mutuwa ta wajen ƙwan LED ba. Inda suke kasawa sananne ne: maƙalin da ke riƙe su a kan keke, bakin da wuta ke bi ta shiga, batirin, da kafar caji. A hanyoyinmu kuwa akwai abubuwa uku da ke gaggauta wannan kasawa, gargadar burji, ƙurar hunturu, da zafin bazara da ke wuce digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Maraɗi. Da waɗannan ya kamata a auna kowace fitila.

Dainamon gefen taya, wanda ke zuwa da kekuna irin su Phoenix da Hero da tsofaffin Raleigh, shi kowa ya sani. A jikinsa an rubuta 6V 3W, kuma rabon wutar shi ne wat 2.4 ga ƙwan gaba, 0.6 ga na baya. Amfaninsa guda ne amma babba: ba ruwansa da caji, ba ruwansa da ɗauke wuta. Sai dai duk ƙarfinsa ya rataya ne ga ɗan kan da ke gogar gefen taya. Da ruwa ko taɓo ya taɓa wurin, kan ya fara sulɓewa, haske ya dusashe, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Hular roba da ake sa wa kan tana rage sulɓin da ƙarar, amma ba ta kawar da su gaba ɗaya.

Yawancin laifin da ake ɗora wa wannan dainamo na ɗauri ne. Idan aka ja layi daga kansa zuwa gindinsa aka zarce, layin ya kamata ya faɗa daidai tsakiyar ƙafar keken. In ya karkace ko da kaɗan, kan zai riƙa kankare gefen taya maimakon ya mirgina a kai, taya ta ci, feda ta yi nauyi. Idan an janye shi, tazararsa da taya ta zama kamar milimita 10. In ta fi haka sifirin ba zai danna shi da ƙarfi ba. Kuma a ɗaure shi ta gaban fok. Wanda ke bayan fok, ranar da notinsa ya kwance ya shiga sifok, ƙafa za ta ja shi ta cusa shi jikin fok ta tsaya cak, mai keke ya wuntsila ta kai.

Sai maganar waya ɗaya. Tsohon tsari shi ne waya guda ta kai wuta, ƙarfen keken ya dawo da ita ta wani ɗan sukuru mai tsini da ke huda fenti. Tsatsa na kama wurin, fitila ta fara ƙyafta ido, a yi ta canza ƙwai a banza. Maganin shi ne a ja waya ta biyu daga jikin dainamo zuwa jikin fitila, a kankare wuraren haɗin har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure, a shafa giris a kai. Akwai kuma dalilin da ya sa ƙwayayen ke mutuwa bi da bi. Dainamo yana tura kusan rabin amfiya ne, ko ƙwai biyu ke sha ko ɗaya. Idan ƙwan baya ya ƙone ko wayarsa ta tsinke, duk wutar ta koma kan na gaba, ƙarfinta ya haura 7V a gudu, sai gangara ta farko ta ƙone shi. Wanda ƙwan gabansa ke yawan ƙonewa, ya fara duba na baya. Sa ƙwan LED a gurbin tsohon yana gyara abubuwa da yawa, muddin an samo wanda aka yi domin dainamo, domin wutar dainamo mai kai da komo ce, ba irin ta batir ba, kuma ƙwan tocila na iya mutuwa a daren farko. Duk da haka, a tsohon tsari da zarar an tsaya duhu ne, kuma a mararraba ake tsayawa.

Dainamon da ke cikin hob, wato cibiyar ƙafar gaba, shi ne mafi aminci a duk abin da za a ambata nan, kuma tazarar da ya ba saura ba kaɗan ba ce. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Sturmey-Archer na Ingila ya fara sayar da Dynohub tun shekarun 1930. Na yanzu da aka fi sani su ne jerin DH na Shimano, da Shutter Precision na Taiwan, da SON na kamfanin Schmidt a Jamus. Babu abin da ke gogar taya, don haka ruwa da taɓo ba su da ta cewa. Maganaɗisu ne ke zagaya naɗin waya a cikin rufaffen gida. Idan fitila na kunne yana cin kamar wat shida zuwa bakwai na ƙarfin ƙafa, abin da yawancin mahaya ba sa ji. In an kashe, jan da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na gefen taya mai araha yana iya cin ninki biyu na wannan ko fiye.

Ƙarfin hob bai cika fitowa ba sai an haɗa shi da fitilar LED ta ƙwarai. Irin su Cyo da IQ-X na Busch & Müller, ko Edelux na Schmidt, suna da madubi da ke shimfiɗa haske a kan hanya ya yanke shi daga sama, sannan akwai kafasita a ciki da ke riƙe ɗan haske na mintoci kamar huɗu bayan an tsaya. Rauninsu a tafiyar hawainiya ne: a hawan tudu ko cikin yashi, inda gudu bai fi na mai tafiya a ƙasa ba, hasken yana rawa kuma yana raguwa. Ana samun cikakken ƙarfi ne daga wajen kilomita 15 a awa.

Hob ɗin kansa yana shekaru, masu gyara ne suka fi kashe shi. Idan aka juya sandarsa da yatsu za a ji tana tafiya da tsalle-tsalle kamar boris ya matse. Ba boris ba ne, jan maganaɗisu ne, haka yake tun yana sabo. Mai gyaran da bai san wannan ba sai ya sa sifana ya kwance notin ɓangaren da waya ke fitowa, ɓangaren dama a na Shimano, ya murɗe siririyar wayar da ke kwance cikin tsagin sandar ta tsinke a ciki, inda liƙa ta ke da wuyar gaske. A gaya wa duk wanda zai taɓa ƙafar kada ya kusanci wannan gefen. Haka wajen yin faci: a zare filogin roba kafin a cire ƙafa, in ba haka ba wayar ta fizge daga bakinsa. Kada a tsallaka rafi da ruwa ya rufe hob, kada kuma a bari masu wankin mota su harba masa ruwan inji.

Tsada ce matsalarsa. SON da fitilarsa na iya fin kuɗin keken da za a sa wa. Amma akwai hanya mai sauƙi: kekunan hannu da ake kawowa daga Japan da yawa suna zuwa da hob mai dainamo, an rubuta 6V 2.4W, har da fitilar da ke kunna kanta in duhu ya yi. Wannan ya isa fitilar gaba sarai, sai a sa ta baya mai batir. Wanda zai ɗauki irin wannan hob ya saƙa a ƙafar wani keke, ya ƙirga ramukan sifok su dace da na rim, yawanci 36 ko 32, ya kuma auna faɗin bakin fok, domin abin da aka saba milimita 100 ne, wasu na Japan kuwa 93. Sifok ma sai an nemi gajeru, tunda hob ɗin ya fi na da kauri.

Fitilu masu cin batirin AA ko AAA ba su da haske mai yawa, amma suna da wata fa'ida da ba a raina ta: duk tireda a ƙauye akwai batir. Batirin gawayi irin Tiger Head ya dace da rediyo da agogo, fitilar da ke zuƙar wuta da yawa kuwa nan da nan take durƙusar da shi. Alkalin ya fi shi, sai dai shi ma haskensa gangarowa yake a hankali tun daga mintin farko, har mutum ya saba da duhun bai lura ba. Masu caji na NiMH irin Eneloop, 1.2V da kusan 1900mAh a girman AA, sun fi riƙe haske daidai har kusa da ƙarshe, kuma suna jure zafi fiye da yadda ake zato. Ixon IQ na Busch & Müller mai cin AA huɗu misali ne na abin da wannan tsari zai iya in an yi shi da kyau. Masu araha kuwa cutarsu sifirin ne: a kan gargada batir ya yi tsalle ya rabu da bakinsa na ƙiftawar ido, fitila ta mutu ko ta koma wani salon haske da kanta. A ɗan miƙe sifirin, a naɗa wa batirin zagaye ɗaya na salatif don ya daina kaɗawa. Idan batir ya yi yoyo, farin garin alkalin ana goge shi da ɗigon lemon tsami, na gawayi kuma da ɗan ruwan kanwa, a bushe sosai kafin a rufe. Kada a bar batir a ciki in za a ajiye fitila fiye da makonni kaɗan.

Yanzu kasuwa ta masu cajin USB ce, kuma a nan ne ƙarya ta fi yawa, don haka lissafi ya zama dole. Fitila mai kyau tana ba da kusan lumen 100 a kowane wat. Batirin litiyam mai girman da ake kira 18650, na gaske mai 3000mAh, yana ɗauke da wat-awa kusan 11. Ke nan lumen 1000 na gaske zai shanye shi a awa ɗaya, lumen 500 a awa biyu, lumen 200 a awa biyar. Ƙaramar fitila mai batir 1200mAh da ke alkawarin lumen 1000 na awa huɗu, ba sai an kunna ta ba a san ba gaskiya ba ne. Ƙwan Cree XM-L T6 da ake yawan buga sunansa a kwalaye iyakarsa wajen lumen 1000 ne a wat goma, in ma na asali ne.

Ko manyan kamfanoni akwai wayo a lissafin awanninsu. Ma'aunin ANSI FL1 da da yawansu ke bi yana ƙirga lokaci ne har sai haske ya sauka zuwa kashi goma cikin ɗari na farkonsa. Fitila na iya yin rabin lokacin da aka rubuta tana ba da hasken da bai isa a ga rami ba, kuma ba a yi ƙarya a takarda ba. Sannan mafi ƙarfin mataki ba ya daɗewa: wat goma a cikin gida ɗan ƙarami zafi ne mai yawa, sai fitilar ta rage kanta bayan 'yan mintoci. A daren Afrilu da iska kanta ke kusan digiri 30, ragewar ta fi sauri. Gidan alminiyam mai tsaga-tsaga yana fitar da zafi, na roba yana riƙe shi har ƙwan ya fara shuɗi ya dusashe. Matakin tsakiya shi ne ainihin fitilar da mutum ya saya, shi za a duba.

Cikin masu cajin, a raba su gida biyu. Masu batir a like, irin jerin AMPP na Cateye da yawancin na Lezyne, suna da tsafta, ba sifirin da zai yi tsalle, kuma maƙalin Cateye mai murɗawa da hannu yana cikin waɗanda suka fi riƙo. Amma batirin litiyam yana fara gajiya bayan caji 300 zuwa 500, zafi kuma yana rage wannan adadi, kuma ranar da ya gaji fitilar ce ta gaji. Masu batir da ake cirewa, irin Fenix BC26R ko Lumintop B01 masu cin batirin 21700 da ya fi 18650 girma, sun fi dacewa da inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a aljihu, an gama da fargabar mutuwa a hanya, kuma batirin kaɗai za a kai wa mai caji. B01 tana da ƙarin cewa haskenta a yanke yake daga sama.

Batirin ne sai an yi hattara. Yawancin 18650 na gaske ba sa wuce wajen 3500mAh, duk wanda aka rubuta wa 6800 ko 9900 jabu ne. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48, na jabu sau da yawa ya fi haka sauƙi ƙwarai, ma'aunin masu sayar da zinari zai tona shi. Waɗanda ake farkewa daga tsofaffin batiran laftof na iya zama na kirki, amma ba su da kariya a jikinsu. Wanda mitar awon wuta ta nuna ya sauka ƙasa da 2.5V a rabu da shi, cikakke 4.2V ne. Wanda rigarsa ta roba ta yage kada ya shiga fitila sai an sake masa riga, domin duk jikin gwangwanin ɓangaren wuta ɗaya ne, yana taɓa ƙarfe zai haɗa wuta. Kada a jefa shi aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi. Kada a yi caji a rana ko a ɗakin kwano da tsakar rana, iyakar cajin litiyam digiri 45 ne.

Kafar caji ita ce ƙofar ruwa da ƙura. Lambar IP da ke kan kwali ita ke nuna juriyar ƙura da ruwa: IPX4 na nufin fantsama kawai, IPX7 nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, kuma wannan X ɗin yana nufin ba a gwada ta da ƙura ba sam. Ga mai tafiya cikin hunturu, lambar farko ce ta shafe shi: IP65, IP67 ko IP68. Dukansu kuma suna aiki ne muddin marfin roba na rufe. Ranar da ya tsinke, a manna salatif. Mai rataye fitila kife a ƙarƙashin kan keke ya lura kada kafar ta koma sama ta zama mazurari. Wasu masu araha da ke da kafar USB-C ba sa karɓar caji daga waya mai C a kai biyu, saboda an tsuke wasu ƙananan kaya a ciki. Kafin a ce ta mutu, a gwada waya mai babban kai na da.

Masu jakar batir daban, 8.4V mai batir huɗu a ciki, suna da haske mai yawa da araha, amma filogin tsakiya yana zarewa a gargada, kuma batiran cikin jakar sau da yawa tarkace ne da ba su yi daidai da juna ba. Masu ɗan faranti na sola da hon a haɗe kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Faranti mai faɗin akwatin ashana bai kai rabin wat ba ko a rana tsaka, kuma shanya batirin litiyam a rana wuni guda gasa shi ne.

Tocila da aka ɗaure da robar tib a kan keke ta fi babu nesa ba kusa ba, kuma robar tib ba ta karyewa kamar maƙalin roba mai tauri da rana ta ƙona. Sai dai tocilar da ake jan kanta don zuƙo haske ko tura shi tana shaƙar ƙura duk lokacin da aka ja kanta, kuma haskenta dunƙule yake wuri guda. Ta goshi tana da kyau a matsayin ta biyu, wajen faci ko duba kwana, amma ba ta zama babbar fitila. Haske da ke fitowa daga kusa da ido yana shafe inuwa, rami ya zama kamar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Cikin hazo ƙura ta dawo da shi fuska, da damina kuma ƙwari su taru a ido. Fitilar da ke ƙasa, a saman fok, ita ke fito da inuwar rami da dutse.

Maƙali kuwa a auna kafin a saya. Kan tsofaffin kekuna milimita 22.2 ne, wasu 25.4, na zamani 31.8 a tsakiya. Maƙali mai faɗi a kan siririn ƙarfe mai santsi zai riƙa sunkuyar da fitila a kowane rami, sai an naɗa yankin tib zagaye biyu a ƙarƙashinsa. Zoben roba kaɗai ba ya riƙe fitila mai nauyi a kan burji.

Jamusawa suna auna fitilar keke da luks, wato hasken da ya sauka a tazarar mita 10, kuma dokarsu ta StVZO ta ce kada ya gaza luks 10 kuma kada ya hau idon mai zuwa. Wadda ta cika sharaɗin tana da alamar layi mai lanƙwasa da harafin K da lamba a jikin gilashi, ana cin karo da su a kayan hannu na Turai. Wannan yankewar tana da amfani a titunanmu, domin mai babur ko ɗan A Daidaita Sahu da aka kashe wa ido, kan mai keken zai yo. A gudun kilomita 20 a awa keke na cin mita biyar da rabi kowace daƙiƙa, kafin a ga rami a kama birki a tsaya an ci mita 12 zuwa 15, fiye da haka in birkin sanda ne kuma rim ya jiƙe. Hasken da bai kai nan ba, gudu ne za a rage. Saiti kuwa da bango ake yi: a tsayar da keke mita biyar daga bango, a auna tsayin fitila daga ƙasa, a sunkuyar da ita har tsakiyar hasken ya sauka a rabin wannan tsayi. Salon ƙyaftawa a bar shi wa rana. Da dare yana hana mai zuwa gane nisan keke, mai keken ma ba ya ganin ƙasa da kyau.

Sabuwar fitila kada a fara gwada ta a hanya. A cika ta, a kunna a matakin da za a riƙa amfani da shi, a sa ta gaban fanka don ta samu iska kamar ana tafiya, a duba agogo har zuwa lokacin da hasken ya ragu a fili. Abin da aka samu a cire kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne awannin da za a dogara da su. Tana kunne a buga ta a tafin hannu sau da yawa ta kowane gefe. In ta ƙyafta ko ta canza salo, a mayar wa mai shago tun kwalinta bai yage ba.